Rana Biyu a Hoton Firdausi

Ni na fara gani. Kafin malamarta mai tarin digiri, kafin abokan karatunta, kafin ita kanta Firdausi da ta yi wata biyu tana kallon abin har idanunta suka yi ja. Ni Malami, ladanin masallacin unguwarmu a Zurmi, wanda bai taɓa ɗora ɗuwawunsa kan bencin aji ba, kallo ɗaya na yi wa hoton nan na ce akwai rana biyu a cikinsa. Kuma akwai.

Kada ku yi mamaki. Inuwa sana'ata ce. Shekara arba'in da ɗaya ina kiran salla ban taɓa ɗaura agogo ba. Tsawon kowane mutum tafin ƙafarsa bakwai ne. In na tsaya a filin masallaci na ga inda inuwar kaina ta faɗi, sai in taka in ƙirga, in gaya maka saura nawa Azahar, saura nawa La'asar, ko da rani ko da damina. Masu waya sun sha gwada ni, su ne ke jin kunya. Shekara huɗu da suka wuce 'yan bindiga suka tare motarmu ranar Alhamis, muna hanyar kasuwar Shinkafi, suka kora mu daji. Kwana goma sha tara. Sun karɓe waya, sun karɓe agogo, ba su iya karɓe inuwata ba. Mutum ashirin da uku ba wanda ya yi salla a makare, har masu tsaron namu sukan ɗago kai su ce, "Tsoho, lokaci ya yi?" Biyar ba su dawo ba. Ni na dawo da ƙafata.

Kafin wannan ma na ga abubuwa. Ƙyanda ta share tsarana. Zazzaɓin damina ya kwashe 'yan ɗakinmu uku a shekara guda, ni ko kwanciyar yini biyu ban yi ba. Shi ya sa nakan bugi ƙirji in ce jinina bai san kwanciya ba. Ku riƙe wagga magana, za mu dawo kanta.

Firdausi jikata ce, ɗiyar ɗana Muhtari da matarsa Saude 'yar Moriki. Da ciwon sikila aka haife ta. In ya tashi, yarinya ta dinga murƙususu tana cewa ana daka mata ƙashi a turmi. Ni kuwa tun tana goye na yanke hukunci. Na ce wanga ciwo daga Moriki aka kawo mana shi, jinin gidan su Saude ne mai rauni. Na faɗa a zaure, na faɗa a wurin suna, na faɗa Saude na durƙushe tana ajiye mini tuwo. Ba ta taɓa ɗaga kai ba.

Duk da ciwon, yarinya ta yi karatu har babbar makaranta a Kaura Namoda, fannin kimiyya. Shekarar ƙarshe take. Wata Juma'a cikin watan Agusta na je Kaura sayen wayar lasifikar masallaci, na biya gidan da take zama. Na iske ta kan tabarma a gindin bango, kwamfuta a cinya, ta yi tagumi.

Na ce, "Amarya, mi ya hana ki tashi ki tarbi mijinki?"

Ta ce, "Wane miji? Mijin da ya zo ko ƙuli-ƙuli bai riƙo ba? Ni na sake ka tun bara, Kaka, kai ne ba ka ji ba."

"Ki sake ni ki auri wa? Wanga akwatin da ya hana ki barci?"

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Na zauna. Ta juyo mini da kwamfutar.

Abin da na gani kamar an tara dubban ƙwallaye ƙanana an dunƙule su, irin yadda ake dunƙula fura, dunƙule biyu manya manne da juna. Ta faɗi sunan abin, suna ne da harshena ya ƙi ɗauka har yau. Ta ce a cikin jinin kowa akwai irinsu ba iyaka, su ke ɗaukar numfashi su kai wa jiki, kuma ƙanƙantarsu ta wuce a ɗauke su da kamara. Masana sun auna inda kowace ƙwallo take, ita kuma aikinta ta sa kwamfuta ta zana su kamar ana iya taɓawa.

Ta ce, "A jikin mai lafiya kowane dunƙule harkarsa yake yi. A nawa, ƙwallo guda ce ta sauya, guda ɗaya rak, sai ta zama mai danƙo. Ta kama na kusa da ita, shi ma ya kama na gaba, su yi sarƙa, su lanƙwashe jinin. Shi ke nan ciwon. Na yi mata jan launi. Nemo ta."

Na duba, na duba. Na ce, "Ban ga ja ba."

"Haka Malama Hussaina ta ce. Sau biyu tana maido mini da shi. Wurin yana cikin lungun da dunƙulen biyu suka haɗu, inuwa ta rufe shi. Ta ce aikina duka a kan wanga wuri ya tsaya, hoton da bai nuna shi ba bai nuna komai ba. Saura kwana goma mu tsaya gaban malamai kowa ya kare aikinsa. In ba ta sa hannu ba, ba za a sa sunana ba, sai baɗi." Ta dube ni. "Kai ka san shekara guda ba ƙaramin abu ba ce wurina."

Na sani. Wannan shekarar kaɗai sau uku aka ƙara mata jini.

Na sake matsawa kusa da gilashin. Ban san kimiyya ba, amma na san inda inuwa ya kamata ta kwanta. Sai na ga ƙwallon sama ta jefa inuwarta dama, ta ƙasa ta jefa tata hagu, wata ma inuwa biyu gare ta kamar mai ƙaho. A lungun kuwa inuwar hagu ta hau kan ta dama, duhu kan duhu.

Na ce, "Amarya, a wace duniya aka ɗauki wanga hoto? Rana biyu gare shi."

"Kaka, don Allah ka bari."

"Na rantse. Ɗaya ta fito gabas, ɗaya ta fito yamma, lokaci guda. Da ni ne ladanin garin nan da na ajiye aiki."

Ta harare ni, ta danna nan, ta danna can. Ta dafe baki. Ashe a cikin kwamfutar akwai fitilun ƙarya da ake haska zanen da su, kuma biyu ne a kunne tun farko, ɗaya hagu ɗaya dama, ƙarfinsu ɗaya. Wata biyu ba wanda ya lura.

Ta ce, "Tsohon nan! Na mai da aurenmu."

Na gyara hula. Amma murnar ba ta daɗe ba. Ta kashe fitila guda, lungun ya ƙara baƙi kamar bakin rijiya. Ta matsar da fitilar gaba, ƙwallayen suka yi ta ƙyalli kamar kan mai sanƙo ya sha mai, ba ka gane komai. Ta ce bari ta cire inuwa gaba ɗaya. Ta cire. Ja ya fito kam, amma hoton ya baje kamar faifai, ba tudu ba kwari, ba mai cewa ƙwallon a cikin lungu take ko a kan doro. Ta ce wannan shi Malama ta fara ƙi.

Na ce, "Ba ni kwana huɗu."

"Ka yi mi da su?"

"Ke dai ba ni."

Na sa ta juya mini dunƙulen ta kowane gefe, na haddace siffarsa kamar yadda nake haddace hanya. Na koma Zurmi na roƙi yumɓu wurin masu ginin tukwane. Na zauna a zaure ina mulmula ƙwallaye, mutane na wucewa suna cewa ladan ya fara wasan yara, tsufa ya zo. Na ƙyale su. Ban yi dubu ba, na yi ɗari da wani abu, na dunƙule su gida biyu, na manne, na bar lungu a tsakani. Guda na shafa mata jan fenti na cusa ta can ciki. Na ɗora abin kan tsohon turmi na kife a filin masallaci.

Damina ce, rana sai an roƙe ta. Yini biyu ina zagaya turmi, in hadari ya taso in rufe da buhu. Da tsakar rana lungun duhu. Da La'asar duhu. A rana ta uku da hantsi gari ya washe. Na ja turmin don kada awaki su ture shi, na kai shi kusa da bangon gabas na masallaci, wanda muka shafa wa farar ƙasa da azumi. Na juyo, sai ga ja yana kallona.

Na tsaya cik. Rana tana bayan kafaɗata ta hagu, ta ba kowace ƙwallo inuwa guda, tudu ya fito tudu, kwari ya fito kwari. Shi kuma farin bango ya karɓi hasken ya maido shi a hankali cikin lungun, haske mai laushi wanda ba ya jefa inuwar kansa. Na taka inuwata. Ƙafa goma sha ɗaya. Rana guda da farin bango, shi ke nan maganin.

Na kira ta a wayar Muhtari. Na ce na samo.

Ta ce, "Alhamdu lillahi! Gaya mini."

"Ba a gaya wa mutum rana. Zuwa ake a gani."

"To Baba ya ɗauka a waya ya turo mini."

"Wayar da ke mai da baƙi fari? Ki zo da ƙafarki."

Muhtari ya karɓi wayarsa ya ce, "Baba, damina ce. Ka san jikinta da sanyi. Ka bari in kai ka Kaura da abin, can ma akwai rana, akwai bango."

Gaskiya ya faɗa. Abin bai fi ƙwaryar fura nauyi ba, da na rungume shi a mota. To amma tun da na ce zan rubuta, zan rubuta duka. So nake mutanen da suka ce ladan ya fara wasan yara su ga ɗalibar babbar makaranta ta taso tun daga Kaura da kwamfutarta, ta durƙusa a filin masallacina tana ɗaukar karatu. Abin da nake so ke nan. Sai na ce, "Rabin jininta nawa ne, ruwan sama ba ya narkar da shi. Ka bar sa mata tsoro irin na gidan uwarta."

Saude na bakin murhu, ta ji. Muhtari ya sa wayarsa aljihu, don ban haifi ɗan da ke maida mini magana ba.

Washegari ta taso. Mota ba ta cika ba, ta gaji da jira ta hau kabu-kabu. A tsakiyar hanya ruwa ya sauko, daidai inda daji ya matso titi, inda ba mai tsayawa ko da ƙanƙara ake yi. Mai babur ya ce gara su jiƙe da a kama su, kuma ban ga laifinsa ba. Ta cire hijabinta na sama ta nannaɗe kwamfutar cikin leda da shi, ta rungume. Da suka iso bayan La'asar kwamfuta a bushe take ƙayau. Ita kuwa haƙoranta na haɗuwa.

Saude ta hura gawayi, ta shafe ta da man zafi, ta lulluɓe ta. Ko kallona ba ta yi ba.

Da safe gari ya waye tas. Firdausi ta fito cikin rigar sanyi biyu, tana takawa a hankali. Na ce ko ta bari sai gobe. Ta ce, "Ka taso ni daga Kaura sannan ka ce gobe? Muje, angon ƙarya."

Mutane sun taru kamar yadda nake so. Mai shayi ya bar teburinsa, liman ya fito da carbi a hannu. Na tsaya na taka inuwata a gabansu da ƙarfi, ina ƙirgawa a bayyane. Sha uku. Muka jira. Sha biyu. Da ta kai sha ɗaya na yaye buhun.

Ta durƙusa. Ta daɗe tana kallo. Ta sa tafin hannunta tsakanin bango da yumɓun, ja ya ɓace. Ta janye, ya dawo. Ta sake, ta sake, tana dariya kamar 'yar shekara biyar.

"Kaka, bangon ne! Fitila ta biyu ba kashe ta za a yi ba. Rage mata ƙarfi za a yi, a hana ta inuwa."

"Ni ban san fitila ba. Na san bango."

Ta zauna nan ƙasa ta buɗe kwamfuta. Ta tambaye ni tsayin ranar, na nuna mata da sandata, daga kan inuwa zuwa kaina. Ta ɗora babbar fitila sama ta hagu, ta ja ta ƙasa kaɗan kaɗan har na ce tsaya. Ta mai da ta biyun bango. Kwamfutar ta yi ta tunani, hoton na saukowa layi layi daga sama. Da ya kai tsakiya sai ga ta. Ja, a cikin lungu, ta kama na kusa da ita kamar ƙaya a riga. Ko liman sai da ya ce Allahu akbar.

Ta tura wa malamarta nan take. Na juya ina kallon masu cewa tsufa ya zo, ɗaya bayan ɗaya. Ina cikin wannan kallon ne, ban ga lokacin da ta dafe ƙirji ba. Mai shayi ne ya gani.

Kafin Azahar ta fara murƙususu. Wannan karon ba ƙafa ba ne, ƙirji ne, numfashi na fita guntu guntu. Muka samu mota muka koma da ita asibiti a Kaura. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, a nemo leda biyu. Muhtari ya ce a ɗibi nasa, aka ce nasa ba zai yi ba. Ban tsaya tambayar dalili ba. Na naɗe hannun riga na shiga ɗakin gwaji.

Ma'aikacin ya ce, "Baba, shekarunka sun wuce."

Na ce, "Yaro, ka san da wa kake magana? Wanga jini ya ga ƙyanda, ya ga kwalara, ya yi kwana goma sha tara a daji yana shan ruwan kududdufi. In ka sa mata cokali guda gobe za ta tashi ta yi daka."

Na cika ɗakin da murya har masu jira suka leƙo. Don in yi shiru ya soki yatsana ya ɗiga a gilashi, ya ce in jira a benci. Na jira ina ba na kusa da ni labarin daji. Da ya dawo ya ja ni gefe, yaron kirki, bai faɗa a gaban mutane ba.

"Baba, ko da kai saurayi ne ba za mu sa mata naka ba. Kana ɗauke da rabin abin."

"Rabin mi?"

"Sikila. Kai ba ta kada ka, amma kana ɗauke da ita, kuma kana iya ba ɗanka."

Na ce ƙarya ne, gilashinsa ne mai datti. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri.

Abokan karatunta suka zo su shida, aka samu leda biyu a cikinsu. Washegari da hantsi ta ɗan farfaɗo, robar iska a hancinta. Na zauna gefen gadon. Na kasa kiran ta amarya.

Na ce, "Firdausi, wagga jar ƙwallo. Daga ina take zuwa?"

Ta dube ni, ta gane an gaya mini. Ta ce, "Sai biyu sun haɗu, Kaka. Guda daga Inna, guda daga Baba."

"Shi Muhtari daga ina?"

"Kaka Asiya an taɓa gwada ta lokacin da ta ba ni jini ina ƙarama. Ba ta da ita."

Asiya matata ce, uwar Muhtari, ta rasu shekara tara. Ba sauran wanda zan tura wa laifin.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ina sakandare."

"Kika bar ni ina ta zuba a gari?"

Ta yi murmushi, leɓenta duk ya bushe. "Kana jin daɗin abinka. Kuma ba duka ne ƙarya ba. Mai guda ɗaya zazzaɓin sauro ba ya cika kada shi. Ita ce ta tsare ka lokacin da 'yan ɗakinku suka tafi. Kai ta yi maka gadi, ni ta zo mini da 'yar'uwarta, shi ke nan."

Wato abin da na yi shekara saba'in ina bugun ƙirji da shi, shi ne na mulmula da hannuna na shafa wa jan fenti. Na yi kwana uku ina neman hasken da zai tona shi, na tara unguwa ta gani.

Ta ce in ɗauko wayarta ƙarƙashin matashi. Ta buɗe ta karanta mini saƙon Malama Hussaina, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. Hoto ya yi. An sa hannu. Sunanta na huɗu a ranar Litinin. Har malamar ta tambaya wa ya koya mata saita haske haka.

Ta ce, "Ka ga, ba sai baɗi ba."

Na ce, "Ni na jawo ki cikin ruwa."

"Ni na hau babur. Kada ka ƙwace mini wannan ma, tsoho, komai kai ka yi?"

Ranar Juma'a da hantsi ta cika. Saura kwana uku. Muka kai ta Zurmi aka yi mata sutura bayan an sauko daga masallaci. Da La'asar ta yi mutane suka dube ni, na tsaya a fili, inuwata na gabana, na kasa ƙirgawa. Na taka uku na manta, na koma na taka huɗu na manta. Mai shayi ne ya duba waya ya kira salla. Shekara arba'in da ɗaya, ranar kaɗai.

Bayan addu'ar uku na shiga cikin gida. Saude na zaune ƙofar ɗakinta tana ninke rigunan sanyin nan biyu. Ta yunƙura za ta durƙusa, na ce ta zauna. Ni na durƙusa. Gwiwata ta yi ƙara, wadda ba ta taɓa ƙasa don wani mahaluki ba, ko a daji da bindiga a kaina sai da suka danna ni.

Na ce, "Saude, ba daga Moriki kaɗai aka kawo shi ba. Rabi a gidan nan kika iske shi. A jikina."

Ta ce, "Na sani, Baba. Ta gaya mini tun tana aji uku."

"Kika yi shiru shekara takwas?"

"Ita ta ce in bar ka."

Ta ci gaba da ninki. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ni ma ban da bakin tambaya. Har yau ita ke kawo mini tuwo. Bambancin kawai yanzu tana ɗaga kai, ni ne ke sunkuyarwa.

Bayan sati biyu Malama Hussaina ta zo gaisuwa, ta taho da takarda babba a naɗe kamar tabarma. Ta ce ranar Litinin da aka zo kan na huɗu ba wanda ya tashi, sai ta sa aka haska hoton a bango, malamai suka yi ta kallo. Ta ce takardar shaida sai wanda ya tsaya ya kare aikinsa, wannan ba a hannunta yake ba. Amma sun buga hoton gida biyu, ɗaya na rataye a ɗakin gwajinsu ana koya wa 'yan baya da shi, ɗaya ga shi.

Ta warware. Ta nuna mini wani ƙaramin rubutu a ƙasa, ta ce Firdausi ce ta ƙara shi tun a filin masallaci kafin ta tura. Na ce ban iya boko ba. Ta karanta: an saita hasken wanga hoto bisa awon Malami Ladan na Zurmi, hantsi, inuwa ƙafa goma sha ɗaya, da farin bango.

Ta ce, "Baba, ni na yi shekara goma sha biyar ina wannan aiki, ban ga fitila biyun nan ba."

Da a da ne, da kafin Magariba duk Zurmi ta ji wagga magana. Na ce mata Allah ya yi albarka, na naɗe takardata.

Yanzu tana rataye a zaurena. Da ajamin da na tsinta a bakin malamai nake rubuta wannan, don na ji an fara cewa wai ladan ya ruɗe tun rasuwar jikarsa, wai yana ƙirƙirar labari, ina tsoho jahili ina gyara wa kwamfuta aiki. To ni ban ruɗe ba. Da na ruɗe da na huta.

Yumɓun na nan, na gasa shi don kada damina ta cinye. Turmin na nan. Bangon na sake shafa masa farar ƙasa da kuɗina. Duk mai shakka, ko daga Kaura yake ko daga Shinkafi, ko da digiri goma yake tafe, ya zo Zurmi ya tambayi masallacin Malami. Ya zo da hantsi, kada ya makara. Ya cire takalmi ya taka inuwarsa da kansa, in ta kai sha ɗaya ni zan yaye masa buhu. In bai ga ja a cikin lungun nan ba, in ajiye ladanci a gabansa ranar. In kuwa ya gani, to ya tsaya nan kusa da ni ya kalle ta har rana ta gota, in ga ko shi zai iya. Ni kullum sai na yi.